Sanarwa kan gwajin llama.cpp

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu son gwada llama.cpp, manhajar da ke tafiyar da samfuran AI masu amsa tambaya a kan kwamfutarku, kafin zamanmu na Asabar a nan Yamai, ga abin da ya kamata ku sani.

Kyauta ce, lasisinta MIT (wanda ya ba kowa damar amfani da ita), kuma tana aiki ko kwamfuta ba ta da GPU, wato katin sarrafa hoto. Ku sauko da samfuri mai sigar GGUF, wato irin fayil ɗin da llama.cpp ke karantawa. Samfuri mai parameters biliyan 7 (ma'aunin girmansa ke nan) da aka matse zuwa Q4_K_M (wani matakin rage girman fayil) ya ɗan haura giga 4, don haka RAM giga 8 zai ɗauke shi, amma sai kun rufe burauza. In RAM ya cika, kwamfuta za ta koma jingina da faifai, amsa ta riƙa fitowa kamar ɗigon famfo. Ku sauke samfurin da umarnin wget -c, saboda in intanet ta yanke ku ci gaba daga inda aka tsaya.

Ku auna sauri da llama-bench, ma'aunin da ke zuwa tare da llama.cpp, sau ɗaya da safe, sau ɗaya da azahar. Zafinmu yakan sa furosesa ta rage gudu da kanta, kada ku ɗora wa manhajar laifi.

Abin da ya fi damunmu shi ne Hausa. Ku ba samfurin jimloli masu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ku duba ko ya mayar da su daidai, ku turo sakamakon nan tare da sunan furosesarku.