Na shiga ramin da manyan Ingila suka haƙa wa kansu

Malam Edita assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ɗan sammin fili a jaridarka in faɗa wa 'yan uwa abin da idona ya gani. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 nan Legas, harkar albasa da tattasai nake.

Kwanakin baya naje Ingila matar ƙanina ta haihu, bayan an gama suna sai yace min Yaya shirya yau zan kaika wani rami, nace rami kuma, ni da nazo ganin Landan? Muna tafe cikin mota a yankin Essex sai ga allo a bakin titi harda kibiya, wai ga hanyar maɓoyar nukiliya ta sirri. Wlh nayi dariya har cikina ya ƙulle, nace yaro wane irin sirri ne wannan da ake masa talla a titi.

Sunan wajen Kelvedon Hatch. Daga waje wani ɗan gida ne kawai cikin itatuwa, ka rantse na wani tsohon manomi ne, amma kana shiga sai ga dogon lungu yana gangarawa da kai ƙasa, sanyi na ratsa ka ga warin danshi kamar tsohon sito, har ka iske ƙofofin ƙarfe masu kaurin gaske. Hawa uku ne a ƙarƙashin ƙasa, zurfinsa ya kai mita 38. A 1952 zuwa 1953 aka gina shi lokacin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, da farko sojan sama ne ke amfani da shi wajen sa ido kan jiragen abokan gaba, daga baya aka maida shi inda jami'an gwamnati za su ɓuya suci gaba da mulki in an jefa bam ɗin nukiliya. Sai a 1992 da rigima ta lafa gwamnati ta cire hannunta, iyalan da aka karɓi gonar a hannunsu tun asali suka sake sayen abinsu, yanzu kowa ya biya kuɗi ya shiga.

Akwai janaretonsu da ruwansu da injin tace iska, ga tsofaffin wayoyin tarho jere, harda ɗan ɗakin watsa labarai na BBC inda za a riƙa yi wa waɗanda suka yi saura magana. Amma inda na tsaya na daɗe shine ɗakin kwana, gadajen ƙarfe ne hawa-hawa irin na makarantar kwana da bargo mai kaushi. Mutum 600 aka shirya wa wajen, abinci na wata uku. Na tambayi ƙanina to su mutanen ƙauyen da ke sama fa, da mai shago da mai tuƙin bas? yace Yaya ai su ba su ma da izinin sanin me ake a ciki. Nan jikina yayi sanyi, na tuna yadda muke cika gadar Third Mainland da safe nace ashe ko a can in ta ɓaci talaka a waje ake barinsa.

Kuma kar wani yace zancen nukiliya na turawa ne bai shafe mu ba. A 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya, saharar da iskar hunturu ke taso mana daga ita, da suka ƙi dainawa gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadansu daga nan Legas a Janairun 1961. Ba wanda ya haƙa wa kakanninmu ko da rijiya ce su ɓuya.

Abin da ya burge ni da mutanen nan shine ba su binne abin ba duk da akwai abin kunya a ciki, sun bari jikan talaka yazo ya gani da idonsa. Mu ma fa muna da namu, a Umuahia akwai ramin Ojukwu na lokacin yaƙin basasa, nan Onikan kuma gidan tarihi na ƙasa yana ajiye da baƙar Marsandi da aka harbe Janar Murtala a ciki a 1976, ramukan harsashi na nan a jiki. Da na dawo na tambayi yaran shagona su biyar, duk a Agege aka haife su, ba wanda ya taɓa zuwa, ɗaya ma ce min yayi ai shi ya ɗauka motar tana Kano.

Shi yasa nake roƙon sarakunan Hausawanmu na Agege da Idi-Araba da malaman Islamiyya a riƙa haɗa yara a bas ana kaisu irin waɗannan wurare, gwamnati kuma ta duba ko za a buɗe wani ɓangare na barikin Dodan da aka mulki ƙasar nan daga ciki har 1991. Ni dai na sa ranar zuwa gidan tarihin Onikan, Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu, da yarana da na shago, na riga nayi magana da mai danfo, wato bas ɗin haya.

Naka,
mai karatu daga Agege, Legas