Wasiƙar godiya ga ofishin da ya kai ni da uwargida tsibiran Maldif

Zuwa ga Hajiya mai ofishin shirya tafiye-tafiye da ke Yamai, da dukan yaran da ke aiki a hannunta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da aiki. Mun iso gida Tawa lafiya, gajiya ta sake mu, uwargida kuma ta ce kada in kuskura in rufe takardar nan ban isar da gaisuwarta ba. Na riga na yi muku godiya ta waya, amma na ga ba ta isa ba. Mu a kasuwa in dillali ya cuce ka, kafin la'asar kowa ya ji. In ya riƙe amana kuwa, sai a yi gum kamar ba a yi komai ba. Shi ya sa na ce wannan karon a bainar jama'a zan yi tawa godiyar.

Ni ɗan kasuwar albasa ne. Shekara talatin da ɗoriya ina lodin albasar Galmi zuwa Abijan, in yi wata biyu ko uku ban ga gida ba. A can na fara ganin teku ina saurayi, na dawo ina ba amaryata labari, ita kuwa ruwan da ta sani mafi girma shi ne tafkin Tabalak. Cikin zafin kai irin na ƙuruciya na ce mata wata rana sai na kai ta ta taka teku da ƙafarta. Ta ce, "Allah ya kai mu, Malam." Ta riƙe gida, ta raini ƴaƴa bakwai, ta yi jinyar mahaifiyata har Allah ya karɓi abinsa, ba ta sake tayar da maganar ba. Ko da muka je Hajji a 2012, ta tagar mota kawai ta hango ruwa a Jidda. Masu cewa me ya hana Alhaji ya tafi Umra da kuɗin nan, na ji ku, kuma Allah ya nufa mun je Umrar ma. Wannan bashi ne daban, alkawari kuwa kaya ne.

Autanmu ne ya nuna mini hotunan Maldif a waya: ɗakuna masu rufin ciyawa a bisa dirkoki cikin ruwa. Na yi dariya na ce ai wannan rudun albasa ne aka kafa a teku. Ya nemi ya biya ta intanet, ni kuma na ƙi. Ban taɓa ba mutum miliyoyi ban ga ƙwayar idonsa ba, ba kuwa da furfura zan fara ba. Na hau bas na bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, tafiyar sama da kilomita 500, na sauka Yamai. Ofishin farko da na shiga, wani yaro ya dubi takalmina da ƙurar da ke jikin rigata, ya ce, "Kotonu ko Jidda?" Da na ce Maldif sai ya kalli abokinsa suka yi murmushi. Na juya na fita.

A wajenku kuwa, ɗiyar nan da ke teburin farko ta miƙe tsaye ta ce, "Sannu da zuwa Baba, zauna ka sha ruwa tukuna." Da ta ga faransancina na kasuwa ne, ta koma Hausa ba tare da ta sa na ji kunya ba. Kafin ta taɓa kwamfuta sai da ta yi mini tambayoyi: shekarun Hajiya nawa, tana da wani ciwo, ta iya doguwar tafiya a ƙasa, me take ci, me ba ta ci, tana tsoron ruwa? Na ce tana da ciwon suga, gwiwarta kuma ba ta son matakala. Duk ta rubuta. A raina na ce wannan ai kamar asibiti na zo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar kuɗi, domin nan ne ake gane mutum. Na nuna mata farashin da autana ya gani. Ta ce, "Baba, wannan kamar kuɗin buhu ne a bakin gona, ba a sa lodi da kwastan ba." Ta jawo takarda ta zana mini ɗaya bayan ɗaya. Akwai kashi 10 cikin ɗari na hidima. Akwai harajin gwamnatinsu kan masu yawon buɗe ido, wanda ya koma kashi 17 cikin ɗari tun watan Yulin 2025. Akwai harajin muhalli, dala 12 ta Amurka kan kowane mutum a kowane dare, wato mu biyu kwana bakwai dala 168. Sannan ga kuɗin jirgin da zai ɗauke mu daga filin jirgi zuwa tsibirin da otel yake, wanda shi kaɗai kan isa sayen saniya. Ta haɗa duka ta juya mini shi zuwa sefa, ta kuma gargaɗe ni cewa dala ba kamar Yuro ba ce da ke ɗaure da sefarmu a 655 da ƴan kai, tana hawa tana sauka, don haka abin da za a iya biya tun daga nan gara a biya. Jimillar ba zan faɗe ta a nan ba, ina da ƴan uwa masu karatu. Abin da zan ce shi ne, adadin da aka rubuta mini ranar nan shi na biya, ko sefa ɗaya ba ta ƙaru ba.

Sai kuma ke kanki, Hajiya, da kika fito daga ofishinki kika rage mini buri, alhali ragewar daga aljihunki take fita. Ni na nace sai tsibiri mai nisa, wanda ake zuwa da ƙaramin jirgin sama mai sauka bisa ruwa, don shi na gani a hoto. Kika ce, "Alhaji, jiragen nan da rana kawai suke tashi. In sugan Hajiya ya motsa tsakar dare, manyan asibitoci suna Male, babban birni, kai kuma kana can ƙarshen duniya." Kika ƙara da cewa kilo 20 suke yarda da shi na kaya, kin kuwa san jakar matan Adar. Kika zaɓa mana tsibirin da jirgin ruwa mai gudu ke kaiwa cikin minti arba'in, dare ko rana. Na so tsarin da suke cewa komai a ciki, kika ce rabin tsadarsa kuɗin giya ne, me zai sa in biya abin da ba zai shiga bakina ba? Muka ɗauki na abinci sau uku. Na so mu tafi ƙarshen Disamba, kika ce lokacin Turawa ke cika wurin don bikin Kirsimeti da sabuwar shekara, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Mu bari sai ƙarshen Janairu, har yanzu rani ne a can, tunda damunarsu daga Mayu take kamawa, kuma za mu dawo kafin azumi, kafin albasa ta fara fitowa gadan-gadan. Na shekara talatin ina ciniki, ban cika ganin mai kaya yana cewa kada ka sayi mai tsadar ba.

Takardu ba su wahalar da mu ba. Biza a filin jirginsu ake bugawa, kyauta, ta kwana 30. Takardar shiga da ake cikawa ta intanet cikin awa 96 kafin a sauka, yaronku mai gilashi ya cika mana ya buga a takarda. Katin allurar shawara ne ya so ya ba mu ciwon kai, domin duk wanda ya fito daga ƙasa irin tamu sai ya nuna shi. Na uwargida ya ɓace. Sati biyu ana birkita ɗaki, sai ga shi a ƙasan adaka, naɗe cikin tsohon mayafin Makka. Da na ga shekarunsa sun haura goma na ce shi ke nan, sai sabuwar allura. Ɗiyar nan ta ce a'a, tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta mayar da shi na har abada. Haka kuwa aka karɓe shi a can ba tambaya.

Daga filin jirgin Diori Hamani muka tashi zuwa Istanbul, daga can kuma kusan awa takwas zuwa Male. Filin jirgin Istanbul gari ne guda. Da ba ku nema wa Hajiya keken turawa tun daga Yamai ba, ban san yadda gwiwar nan za ta kai mu ƙofar jirgi na biyu ba. Da muka sauka kuma na yi tawa wautar: na bi wata ƙofa daban, na rasa mutumin otel da ke riƙe da sunana. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu, a Yamai ko gari bai gama wayewa ba. Na aika murya ta WhatsApp ba don ina sa rai ba. Kafin in mayar da wayar aljihu ɗiyar nan ta kira, da alama daga kan sallaya take, ta ce in tsaya inda nake in ɗauko mata hoton abin da ke gabana. Minti biyar sai ga mutumin yana haki.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa uwargida take sa ku cikin addu'a. Damuwarta tun daga gida ita ce sutura. Ta ce ita ba za ta shiga ruwa gaban maza ba, ko da za a kai ta bakinsa ta dawo. Ku kuka raba mana kwanakin: huɗu a ɗakin bakin gaɓa mai katanga da ɗan kududdufinsa na wanka a ciki, inda ba idon kowa, uku kuma a rudun nan na bisa ruwa. Washegarin zuwanmu bayan sallar asuba, kafin Turawa su farka, muka fita. Ta tattare zanenta zuwa ƙwauri, ta riƙe hannuna kamar yarinya, ta sa ƙafa. Rairayin fari fat kamar garin gero da aka tankaɗe, ruwan kuma kana ganin yatsunka a ƙasa da ƙananan kifaye suna zagaya su. Ta ɗebo da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce, "Ashe da gaske kake, Malam, gishiri ne." Shekara talatin ke nan ashe ba ta yarda da labarina ba.

Kun kuma tambayar mana masallaci tun kafin mu je. Mutanen ƙasar Musulmi ne, kuma a bayan otel ɗin, inda ma'aikata ke kwana, akwai masallacinsu. Nan na yi Juma'a tsakanin ƴan ƙasar da ƴan Bangaladash. Abin da ya ɗaure mini kai kwana biyun farko shi ne alƙibla. Mu da muka tashi muna cewa a dubi gabas, can sai ka juya yamma maso arewa, rana tana faɗuwa kusan gabanka kana sallar magariba. Ranar da kuka shirya mana zagayen Male mun ga tsohon masallacin Juma'arsu, wanda aka gina da dutsen murjani a 1658, an sassaƙe bangonsa kamar ƙwaryar da gwani ya yi wa zane. Garin kuwa a cushe yake, babura kamar ƙudaje, gidaje sun hau bisa juna don ba fili. Da safe suna cin wani abu mai suna mas huni, kifi ne da kwakwa da albasa da barkono. Na ɗanɗana albasar na yi shiru. Ba ta kama ƙafar ta Galmi ba, amma baƙo ba ya kushe tuwon masu gida.

Wata safiya Hajiya ta duƙa a bakin ruwa ta ɗago wani abu ta ce, "Malam, wuri!" Wuri ne sak, irin wanda kakarta ke ɗinkawa a jikin faifai. Na aika hotonsa ga ɗana mai koyar da tarihi. Ya ce ai daga tsibiran nan ake kwaso wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kano da Katsina da kasuwannin Adar, kuma kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Ya ce Ibn Battuta ya yi alƙalanci a Male, daga baya a 1353 ya ratsa ta Takadda, can wajen Ingal a ƙasarmu. Na zauna a rairayi ina juya abin a hannu. Na tara kuɗi shekara da shekaru, na zo na kashe su a garin da aka haife su. Hajiya ta so ta ƙulle shi a bakin zane, wani ma'aikaci ya roƙe ta da ladabi ta bar shi inda ta gan shi, ta mayar.

Ƙorafina biyu ne, kuma ba zan ɓoye su ba don ina yabo. Matakalar ofishinku ta yi tsayi, ranar da na kawo uwargida sa hannu sai da ta huta sau biyu kafin ta kai sama. Na biyu, ku dubi Allah ku buɗe ko da ɗan teburi ne a Tawa. Akwai masu hali a Adar da Madawa da Ƙonni waɗanda ba abin da ke hana su irin wannan tafiya sai rashin wanda za su yarda da shi, kuma ba kowa ne zai yi sammakon bas zuwa Yamai sau uku kamar yadda na yi ba. Tun da muka dawo mutum huɗu sun same ni a rumfa suna tambayar ƙofarku, na kwatanta musu.

Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya raya muku zuri'a, ya ba ɗiyar nan miji nagari in ba ta yi aure ba. Na sa buhu biyu na sabuwar albasa a motar da za ta taso ranar Litinin, ɗaya naki Hajiya, ɗaya a raba wa yara. Akwai ƙullin kilishi a bakin buhu na biyu, wannan na mai gilashi ne, kada a taɓa masa. Ku aika a karɓa a tasha kafin rana ta yi zafi.

Naku,
Ɗan kasuwar albasa daga Tawa