Takardar Koke Ga Mai Girma Hakimi Kan Halin Da Tsofaffinmu Ke Ciki A Zafin Bana

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin wanda ya wajaba a kan 'ya'ya ga ubansu, da addu'ar Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da kai da 'yan majalisarka, mu talakawanka mazauna unguwannin da ke kewaye da ƙaramin asibitin gundumarka muna neman izinin gabatar da kukanmu. Mun san ayyuka sun yi maka yawa, mun kuma san ba da yawunka aka aikata abin da za mu faɗa ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba mu da wata ƙofar da za mu ƙwanƙwasa wadda ta wuce taka.

Allah ya taimake ka, makonni biyu da suka wuce muka wayi gari da ƙarar injin yankan itace a harabar asibitin nan. Kafin rana ta take, manyan bishiyoyin da ke jere a bakin ƙofa duk sun kwanta, bishiyoyin da suka girmi yawancin waɗanda suka sa hannu a wannan takarda. Da muka tambaya sai ma'aikatan ɗan kwangila suka ce za a ja katanga ne a fitar da shaguna, kuma su umarni aka ba su. Babu wanda ya tuntuɓi mai unguwa, babu wanda ya tambayi ma'aikatan jinya, balle tsofaffin da ke zama a ƙarƙashin wannan inuwa duk ranar karɓar maganin hawan jini da na ciwon sukari. Barandar asibitin ba ta ɗaukar mutum goma. Sauran duk a gindin bishiyoyin nan suke jiran a kira su, kuma an sare su ne a tsakiyar bazara, lokacin da mai ƙarfi ma ba ya iya taka ƙasa ba takalmi.

Ranar Talatar da ta gabata abin da muke tsoro ya faru. Wata dattijuwa daga cikinmu, wadda ta haura shekara saba'in, ta zo tun da safe ita da 'yarta don a auna jininta a ba ta magani. Layi bai zo kanta ba har rana ta raba tsaka, tana zaune a kan kututturen ɗaya daga cikin bishiyoyin, ta lulluɓe kanta da mayafi. Waɗanda ke kusa sun shaida mana cewa ta fara cewa kanta na sara, daga nan maganarta ta sauya, ta riƙa kiran sunan mijinta da ya rasu shekaru da yawa tana cewa a buɗe masa ƙofa. Da 'yarta ta taɓa goshinta sai ta ji shi kamar an ɗora ƙarfe a wuta, a bushe ƙayau, babu ɗigon zufa ko ɗaya. Ta ruga famfon asibiti, babu ruwa, domin injin rijiyar burtsatsen ya fi wata huɗu a lalace. Da ɗan ragowar ruwan buta aka jiƙa gefen mayafinta aka shafa mata a wuya. Ma'aikaciyar jinyar da ke bakin aiki ta yi iyakar ƙoƙarinta, mun gani da idonmu kuma ba mu zarge ta da komai ba, sai dai ɗakin da aka kwantar da ita babu wuta, fanka a tsaye, ruwan da za a ƙara mata ma sai da aka aika nema a waje. Kafin a sami motar da za ta kai ta babban asibiti la'asar ta yi. A daren ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranka ya daɗe, mun yi imani da ajali, ba ma jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma a gaban mutane aka ce tsufa ne ya kashe ta, kuma wannan maganar ce ta hana mu barci har muka taru muka rubuto maka. Da ƙafarta ta fito daga gida da safe. Idan kowane tsohon da rana ta kayar za a rubuta masa tsufa a rufe magana, to babu ranar da za a gyara famfo, babu ranar da za a kafa rumfa, domin a takarda zafi bai taɓa kashe kowa ba.

Muna roƙon ka yi mana haƙuri mu ɗan tsawaita a nan, saboda wasu daga cikin masu yanke shawara suna ganin tunda su suna jure rana, kowa ma zai jure. Jikin ɗan Adam yana tsayar da zafinsa a kusan digiri 37 a ma'aunin salshiyas, kuma yana sanyaya kansa ne ta hanyar zufa da tura jini zuwa fata. Tsufa yana raunana hanyoyin nan duka biyu: zufa tana raguwa, zuciyar da ake so ta ƙara bugu don ta kai jini fata ta riga ta gaji, ƙoda kuma ba ta iya tattalin ruwa kamar da. Abin da ya fi haɗari shi ne tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai ruwan jikinsa ya yi ƙasa sosai yana nan yana cewa shi ba ya bukatar sha. Da yawa daga cikin iyayenmu suna shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, wanda ke ƙara zuƙe ruwan jiki, wasunsu kuma da gangan suke rage shan ruwa da yamma saboda ciwon gwiwa ya sa tashi zuwa banɗaki cikin dare ya zama azaba, kuma kunya ba ta barinsu su faɗa wa 'ya'yansu. Idan zafin jiki ya haura digiri 40 hankali ya fara gushewa, to an shiga halin da minti ɗaya ma yake da daraja, kuma abin da ake fara yi shi ne a kai mutum inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, kafin a kai ga likita. Inuwa da ruwa, Allah ya taimake ka. Su biyun nan aka raba asibitinmu da su.

Dare ma ba ya kawo musu sauƙi. Ɗakin da ke da rufin kwano ba sili yana wuni yana tara zafi, ya kwana yana sauke shi a kan wanda ke ciki, kuma tsofaffin da ke kwana su kaɗai suna rufe taga saboda tsoron ɓarayi da sauro. Jikin da bai huce da dare ba da gajiyar jiya yake shiga zafin gobe, shi ya sa sai a kwana na uku ko na huɗu ake ganin suna zubewa. Masu ciwon sukari da ke yi wa kansu allurar insulin kuwa suna ajiye ta a ɗakin da ya zama tanderu, alhali zafi yana lalata ƙarfinta.

Wannan bala'i ba a kanmu farau ba, kuma ba ya barin ƙasa don tana da arziki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tsakanin shekarar 2000 da 2019 kimanin mutum 489,000 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin zafi, Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya kuma ta tabbatar da cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A watan Yulin 1995 mutum fiye da 700 suka mutu a birnin Shikago na Amurka cikin 'yan kwanaki, akasarinsu tsofaffi, da dama an tarar da su su kaɗai a ɗaki tagogi a rufe. A watan Agustan 2003 Faransa ta yi asarar kusan mutum 15,000, mafi yawansu sun haura shekara 75. Abin da muke so mai girma ya duba shi ne abin da Faransa ta yi bayan haka: daga 2004 hukumomin garuruwa suka fara ajiye rajistar tsofaffi da naƙasassun da ke zaune su kaɗai, ana tuntuɓarsu idan zafi ya tsananta, aka kuma wajabta wa gidajen kula da tsofaffi su tanadi ɗaki mai sanyi. Birnin Ahmadabad na Indiya, bayan zafin watan Mayun 2010 ya ci rayuka fiye da 1,300, ya fito da tsari a 2013 na gargaɗin jama'a tun kafin zafi ya iso, da samar da ruwan sha a wuraren taruwa, da horar da ma'aikatan lafiya, daga baya aka ƙara da shafa wa rufin gidaje farin fenti. Yawancin waɗannan matakai sun fi bukatar umarni da sa ido fiye da kuɗi, kuma umarni a hannunka yake.

Ba yau muka fara magana ba, ranka ya daɗe. Mun kai ƙorafin rijiyar burtsatse ta bakin masu unguwanni, mun rubuta, mun je da ƙafa, an ce mu dawo, an ce an sa a kasafi, an turo masu dubawa sun auna sun tafi. Batun rumfa da na wutar asibiti ma haka, har mun daina lissafin zuwan da muka yi. Duk lokacin da aka ce mu yi haƙuri mun yi, ba mu taɓa ɗaga murya ba. Abin da ya yi mana ciwo shi ne aikin da muka shafe watanni muna roƙo bai samu ba, amma sare bishiyoyin da ba wanda ya roƙa an gama shi a safiya guda.

Saboda haka muke durƙusawa a gabanka muna roƙon ka dakatar da aikin katangar nan da shagunan har sai an zauna da jama'a, ka hana a taɓa bishiyoyin da suka rage a bayan asibiti da bakin hanya, ka kuma bincika wanda ya ba da izinin saran, domin mu san wanda za mu tambaya. Muna roƙon a kafa rumfa mai faɗi da kujerun zama a wurin cikin wannan makon, tunda dashe ba zai ba da inuwa bana ba, ko da yake shi ma dashen muna roƙon a yi shi da faɗuwar damina, a sa masa kariya da mai ban ruwa. A gyara injin rijiyar, kafin a gyara kuma a riƙa kawo ruwa a tanki kullum, a ajiye na sha a inda tsofaffi ke jira.

Muna kuma roƙon ka yi magana da shugaban ƙaramar hukuma da jami'in lafiya a fara ganin tsofaffi da sassafe a sallame su kafin rana ta yi ƙarfi, a ba wanda jininsa ya daidaita maganin da zai kai shi bayan bazara ko a yarda ɗansa ya karɓar masa, likita kuma ya sake duba magungunan masu hawan jini da ciwon zuciya da na ƙoda, don mun fara jin wasu na cewa za su daina sha da kansu, wanda shi ma halaka ne. A sa wutar sola ko da a ɗaki ɗaya ne, da fanka da firji na ajiye magani, a tanadi ruwan ƙari da garin haɗin gishiri da sukari da ma'aunin zafin jiki. Duk wani taro ko tantancewa da ke bukatar tsofaffi su tsaya a layi a daina sa shi da tsakar rana. A kuma ware mota ɗaya da aka san direbanta da inda yake kwana, kada a sake neman mota daga azahar har la'asar mutum na kwance.

Akwai abin da ba ya bukatar ko sisin hukuma, sai kalma ɗaya daga bakinka. Ka umarci masu unguwanni su rubuta sunan kowane tsoho da tsohuwa da ke kwana su kaɗai ko suke wuni ba kowa a gida, a ɗora wa maƙwabci leƙa su safe da yamma, ya miƙa musu ruwa ya tsaya sai sun sha, ya duba taga, ya saurari maganarsu ko ta sauya. Ka sa a yi shela cewa jiri da ciwon kai da ƙarancin fitsari da sambatu ga tsoho a irin wannan yanayi alamun haɗari ne, kada a bari sai gobe, kuma wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki. A sanar da mutane cewa idan iskar ɗaki ta fi jikin mutum zafi, fanka kaɗai ba ta wadatarwa, sai an jiƙa fata ko tufa. Matasanmu sun yi alƙawarin aikin gayya na kafa rumfar da haƙa ramukan dashe da shafa farin fenti a rufin ɗakunan tsofaffin da ba su da mai yi musu, izini da kayan aiki kawai suke jira.

Muna sake roƙo, Allah ya ja zamaninka, a kan rumfa da ruwa. Talata mai zuwa ma ranar karɓar magani ce, tsofaffin nan za su fito domin ba su da zaɓi, kuma kututturan suna nan a rana. Idan mai girma zai taka da kansa ko ya turo wakili da misalin ƙarfe ɗaya na rana ya tsaya a wurin ko na minti goma, za mu kasance a can mu tarbe shi.

Ka gafarce mu idan harshenmu ya yi kaifi a wani wuri, zafin rashi ne. Allah ya ƙara maka imani da nasara, ya jiƙan wadda ta riga mu, ya ba iyalanta haƙuri.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawa, mata da matasan unguwannin da ke kewaye da ƙaramin asibiti.
Sa hannunmu da dangwalen yatsun iyayenmu suna haɗe da wannan takarda.