Wasiƙa zuwa ga ɗana a Alƙahira, game da ranar da zai fita ganin gari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan karatunka, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma mun yi murna da jin kun gama jarrabawa lafiya. Na ga shirin da kuka yi na ware rana guda ku zagaya Alƙahira, inda kuka lissafa dalolin Giza, da gidan tarihi na dandalin Tahrir, da Ƙal'ar Salahuddin, wato tsohuwar fadar nan mai ganuwa da ke kan tudu, da kasuwar Khan Khalili, sannan ku ƙare da shiga kwale-kwale a kogin Nilu. Fitar kam na amince da ita, domin abin kunya ne mutum ya shekara a gari irin wannan bai san komai ba sai hanyar da ta tashi daga masaukin ɗalibai zuwa aji. Lissafin ne ban amince da shi ba, saboda ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, ku kuwa biyar kuka ɗebo.

Birnin da ya tara mutum fiye da miliyan 20 ba ya ganuwa a wuni guda, kuma wanda ya matsa sai ya ga komai, abin da zai gani shi ne bayan motar da ke gabansa a cunkoso. Ni ma na yi wannan kuskuren lokacin da nake ɗalibi a can. Mun fita da sassafe muna doki, mun dawo bayan isha'i ƙafafu sun kumbura, aljihu ya bushe, kuma da aka tambaye ni abin da na gani ban iya kawo komai ba sai labarin wani mai raƙumi a Giza, wanda ya ce hawa kyauta ne, da na hau kuma ya ce sauka ce ake biya. Ka duba abin dariya, Bakatsinen da ya tashi yana ganin raƙuma suna wucewa ta ƙofar gidansu, shi ne aka karɓe wa kuɗin abincin mako a kan raƙumi. Saboda haka ku bar Giza sai wata ranar daban, ba inda dala za ta je.

Shawarata ita ce ku ba tsohon birni wannan ranar, kuma ku yi yawancin tafiyar a ƙafa. Kada ku zaɓi Juma'a, saboda cikowar masallatai. Ku karya da waken nan nasu da suke kira ful, wanda ke riƙe ciki har azahar, sannan ku fara daga ƙofar Babul Futuh, wadda aka gina a 1087, ku bi titin Mu'izz ku nufi kudu. Titin bai fi tafiyar rabin sa'a ba ga mai sauri, amma ina so ku ɓata safiyar gaba ɗaya a kansa, domin shi ne tsakiyar birnin da Fatimawa suka kafa a 969, kuma kusan kowane sarkin da ya zo bayansu sai da ya bar gini a gefensa. Idan kun kai ginin Sultan Ƙalawun, wanda aka gama a 1285, ku shiga ku zauna, ku lura da yadda aka haɗa makaranta da asibiti da kabarin mai ginin a wuri ɗaya, asibitin kuma dukiyar waƙafi ce ta riƙa ɗaukar nauyinsa, ana duba mai kuɗi da talaka ba tare da an karɓi komai ba. Kai da kake karanta babin waƙafi a littattafan fiƙihu, ga shi nan a tsaye da dutse.

Kasuwar Khan Khalili tana kan hanyarku, amma ku ratsa ta kawai. Kada ka ɗauki kaya a hannu idan ba saya za ka yi ba, kuma farashin farko na baƙo ne, ka taya kamar yadda za ka taya a kasuwar gida, idan an ce albarka ka yi godiya ka wuce.

Masallacin Azhar na san kana shiga, sai dai ina shakkar ko ka taɓa shiga da idon mai ziyara. An fara gininsa a 970, kuma a cikin ɓangarorin da aka keɓe wa ɗaliban ƙasashe akwai na mutanen Barno. Tun kafin wannan ma, a ƙarni na 13, mutanen Kanem suna da makarantarsu da masaukinsu a wannan birni. Ina faɗa maka haka ne don ka san cewa ba ku ne farkon zuwa ba, waɗanda suka riga ku sai da suka yi watanni suna keta Sahara kafin su ga abin da kuka iso gare shi cikin sa'o'i kaɗan a jirgin sama.

Daga nan sai Babu Zuwaila, ƙofar kudu, inda Turkawan Usmaniyya suka rataye Tumanbay, sarkin Mamaluka na ƙarshe, a 1517. Ana hawa hasumiyoyin da ke kanta, ku hau, domin daga can mutum zai ga tsarin tsohon birnin kamar an shimfiɗa masa shi a faifai. Ku yi ƙoƙari azahar ta same ku a masallacin Sultan Hasan, a gindin Ƙal'a, wanda aka fara ginawa a 1356 da makarantu huɗu a cikinsa, kowace mazhaba da tata, har da ta Malikiyya. A ganina babu ginin da ya kai shi kwarjini a duk Masar. Maƙabartar Ƙarafa ba ta da nisa daga nan, a can aka binne Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ɗaya daga cikin malamai biyun da suka rubuta Jalalaini da ake karantawa a tafsirin azumi a garinmu, kuma shi ne ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Idan kun samu hali ku yi masa addu'a, a kan ladabin ziyara da ka sani.

La'asar kuwa ku kai ta masallacin Ibn Tulun, wanda aka gama a 879. Fili ne mai faɗi da shiru, ba kowa ke zuwa ba, hasumiyarsa kuma matakalarta ta waje take kewayawa. Ranar da na fara hawanta Gobarau ce ta faɗo mini a rai, kewar gida ta kama ni ba shiri. Idan da sauran ƙarfi bayan magariba, sai ku je bakin Nilu, amma ku yanke kuɗin kwale-kwale da tsawon lokacin kafin kowa ya sa ƙafa a ciki.

Ka riƙe iƙamarka, wato takardar izinin zama, da katin ɗalibi, don ana rage wa ɗalibai kuɗin shiga a wurare da yawa. Ka raba kuɗinka aljihu biyu, ka ɗauki ruwa, ka sa takalmin da ka saba da shi. A jirgin ƙarƙashin ƙasa akwai tarago na mata kaɗai, ka duba kafin ka shiga, kada ka ja wa kanka kunya. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda ko ginin gwamnati, kada kuma ka ɗauki na kowa ba da izininsa ba. Wayar ma ina so ta fi zama a aljihu, a kowane wuri ka fara zama ka duba da idonka, ka karanta rubutun da ke jikin bango tunda Allah ya ba ka Larabci, hoto ya biyo baya. Idan wani ya tsokane ku a kan titi saboda launin fata, kuma hakan yana faruwa, kada ku tanka, ku wuce abinku, mutanen kirki sun fi yawa a garin.

Na tura maka ɗan abin da za ka ƙara a kan na hannunka, ka biya wa wanda ka ga ba shi da hali a cikinku ba tare da sauran sun sani ba. Idan kun dawo ka rubuto mini da hannunka abin da ka gani, hotuna kaɗai ba za su ishe ni ba. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a tuna maka da hular rana, ƙannenka kuma suna jiran tsaraba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
daga Katsina.