Wasiƙa zuwa ga mutumina na Gothenburg

Assalamu alaikum, mutumina. Ya sanyi, ya iyali? Shirun nan naka ya yi yawa, har Hajiya tana tambaya ko ƙanƙarar Suwidin ce ta daskarar maka da yatsu.

Wata 'yar garinku ce ta hana ni barci kwanan nan, Karin Boye. A nan aka haife ta a 1900, mutum-mutuminta ma yana gaban babban laburaren birnin, amma ko da wasa ba ka taɓa ambata min ita ba. Kai dai a bar ka da turo hoton kifi a faranti.

Littafinta na ƙagaggen labari, Kallocain, na samu, na 1940. Wani masanin haɗa magunguna ne, Leo Kall, ya ƙirƙiro allurar da in aka yi wa mutum sai ya amayar da duk abin da ke zuciyarsa, hukuma kuwa ta yi caraf ta karɓa. A ƙasar tasu har a bangon ɗakin kwana akwai ido da kunnen 'yan sanda. Inda jikina ya yi sanyi shi ne da Leo ya juya allurar kan matarsa Linda, don yana zarginta da maigidansa a wurin aiki. Ba wanda ya sa shi, tsoro da kishi ne kawai. Boye ta je Tarayyar Sobiyet a 1928, ta kuma zauna a Berlin daidai lokacin da 'yan Nazi ke kama mulki, ka ga ba shaci-faɗi take yi ba.

Af, tela ya gama ɗinkin bikin ƙanenka, amma ya ce ba zai taɓa naka yadin ba sai ya ga tumbin da ka ajiye.

Ita Boye asalinta ma marubuciyar waƙoƙi ce. Tana ɗaliba a Jami'ar Uppsala ta fitar da diwaninta na farko a 1922, daga baya ita da Erik Mesterton suka fassara doguwar waƙar Turancin nan ta T. S. Eliot, The Waste Land, zuwa harshensu. A Afrilun 1941, 'yan watanni bayan fitowar Kallocain, ta kashe kanta kusa da garin Alingsås tana da shekara 40. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Don Allah ka nemo min waƙoƙinta na Turanci, ka ba mai zuwa. Ruwa ya sauka sosai bana, katangar bayan gidanku ta ɗan zube, mun sa an gyara. Ka gaida Madam da yara.

Naka har kullum.