Don oga ya ce kar a karɓe shi, sai a bar mutum jini na zuba?

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wata kalma da ta zama garkuwa a garin nan, wato "umarni aka ba ni". Duk wanda ya taɓa ɗauko wanda 'yan bindiga suka harba daga Batsari ko Jibia ko Safana ya kawo shi cikin Katsina ya san irin fargabar da ake shiga, ba ta raunin kawai ba, har da ta ko za a karɓe shi ko za a ce sai an kawo takardar 'yan sanda tukuna.

Kwanaki wani maƙwabcinmu mai napep ya kai wani yaro wani asibitin kuɗi cikin dare, maigadi ya buɗe, nas ta leƙo ta ga jini ta ce wallahi oga ya hana su taɓa wanda aka harba da bindiga, sai dai su tafi wani wurin. Allah ya yi da sauran kwana yaron ya rayu, amma ba don ita ba.

Ni fa ban ce nas ɗin nan muguwa ba ce, tana tsoron a kore ta ne ga albashin da ko wata baya kaiwa ga yara a gida, kuma an sha ganin ma'aikacin asibiti na zarya a caji ofis saboda ya taimaki wanda daga baya aka ce ɓarawo ne, duk na yarda. To amma shi wannan umarnin ai ya saɓa doka. Tun Disamba 2017 marigayi Shugaba Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar da ta tilasta ma kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba, da takardar 'yan sanda ko babu, ba tare da an ce sai an ajiye kuɗi ba, abin da aka ɗora masu kawai su sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara magani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ma ta hana a kori mai buƙatar agajin gaggawa, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Ke nan wadda ta bi maganar oga ita ce ta karya doka.

A addini ma mun san hadisin kwamandan da ya fusata ya sa aka hura wuta ya ce ma mutanensa su shiga, suka ƙi, da labari ya kai ga Annabi (SAW) ya ce biyayya a cikin abin kirki kawai take. Wannan fa shugaban rundunar yaƙi ne, balle mai asibiti.

In ɓera da sata daddawa ma da wari. Abin da ya fi ci mani rai shi ogan baya taɓa rubuta umarnin nan a takarda, da baki yake faɗa, yana gida yana barci, ranar da magana ta tashi kuma shi ne zai fara rantsuwa bai ce ba, a bar ƙaramar ma'aikaciya da fuskar da dangi suka gani. Don haka 'yan uwa nas nas da masu gadi, duk wanda ya ce ku mayar da mai rauni ku ce ya rubuta ya sa hannu, ku gani in zai yarda.

Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta jiha ta fassara dokar nan da Hausa a manna a ƙofar kowane asibiti, a riƙa karanta ta a rediyo, don direbobin da ke ɗauko mutane daga ƙauye da tsakar dare su san abin da za su ce in an tare su a bakin get.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Marusa, Katsina