Dokar hana leda ta manta da masu saƙar kaba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka in yi magana a kan leda. Ni mahauci ne a Marwa, arewacin Kamaru, fawa kuma gadonta na yi.

Mu muke farke tumbin saniya, saboda haka mu muke ganin inda ledar gari take ƙarewa. Saniya za ta yi ta ramewa, mai ita ya ba ta dusa da harawa har ya gaji, ya karyar da ita a kasuwa. In an yanka sai a tarar leda ta cunkushe tumbin, ta murɗe kamar igiya, babu wurin abinci. Wallahi abin yana ci mini rai, domin sau da yawa dabbar nan ita ce duk dukiyar gidan. Wadda dabbobi ba su haɗiye ba ta toshe magudanan ruwa, damina ta kwashi saura ta zuba a mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa garin Marwa.

Kamaru ta hana leda mara kauri tun Afrilun 2014, Njamena, babban birnin Chadi, ta riga mu a 2010. Ban ga laifin dokar ba. Amma an ce wa mutane su bari, ba a nuna musu wurin wanda za su koma ba, alhali masu saƙar kwando da ɗinkin jaka suna nan da ransu.

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu, mijinta ya rasu, da saƙar kaba take ci da marayu. Faifai, tabarma, kwando mai hannu wanda zai shekara yana zuwa cefane. Da 'yan matan unguwa sukan zauna gabanta su koya, yanzu babu mai zuwa, wai aikin ƙauye ne. Haka ake raina telan da ke mayar da buhun shinkafa jaka, da mai narka gwangwani ya zuba tukunya, da mai yanka tsohuwar taya ya fitar da takalmi da guga. Waɗannan mutane suna rage shara kullum, babu wanda ya ba su ko sisi. Ko a sansanin Minawawo, kusa da Mokolo, matan da rikicin Boko Haram ya koro daga Najeriya suna dunƙula gawayi da ɓawon gyaɗa da sauran tarkacen gona, an rage saran itace. In mai gudun hijira ta iya, mu da muke zaune a gidajenmu fa?

Ni dai a teburina, duk wanda ya zo da kwanonsa ko kwandonsa ina ƙara masa gyara. Mata sun gane, suna gaya wa juna, dattijuwar nan ma ta fara samun masu saye.

Ina kira ga magadan gari su ware wa masu saƙa da ɗinkin jaka rumfa a bakin ƙofar kasuwa, a yafe musu kuɗin tikiti. Sarakunan fawa su tara mu a yi magana ɗaya a kan gyaran nan. Malaman makaranta kuma su gayyato irin wannan dattijuwa ta koya wa yara, maza da mata, a biya ta haƙƙinta.

Wassalam.

Naku,
Wani mahauci, Marwa